Ciwon Ƙafar Inna

Kawo, Kaduna
Litinin

Aikin farko yau: kwashe tarkacen takardu daga ɗakin baya. An yi.

Assalamu alaikum Nusaiba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Khadija da yara. A gaishe min da Inna, a ce ina yi mata ya baƙunta. Mu nan lafiya lau. Salamatu tana gaishe ki, Hassan da Safiyya suna gaida Goggonsu.

Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kawo takarda. Duk lokacin da na kira ki Inna tana kusa, ina jin motsin carbinta, sai maganar da na shirya ta watse in koma tambayar lafiyar yara. Ban da haka, ni a takarda na fi gane abin da nake nufi. Ila direba yana lodin Birnin Marke daga tashar Kawo kusan kullum. Ya ce zai riƙa ajiye miki a shagon bakin layinku, ki riƙa ba shi amsa a can.

Maganar zaman Inna ce. Tun da ta fita takabar Baba ta zo wurinki da sunan 'yan kwanaki, ga shi damina ta shiga ta fita. Gidan Rigasa mai shi ya karɓi abinsa, babu komawa. Yanzu kuma kin ce an yi wa Baban Khadija canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, za ku tashi ƙarshen wata mai zuwa. Ke nan ko dai Inna ta bi ku, ko ta zo nan.

Ni ne babba, wurina ya kamata ta zauna. Ɗakin baya yana da taga mai kallon tsakar gida. Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, na yi wa mai gyara magana. Salamatu ba ta da ja, ita ma ta fara kawo zancen.

Abin da ya tsaya min shi ne wannan. Inna ba ta taɓa kwana a gidana ba. Ke auta ce, a cinyarta kika girma, ba lalle ki gane ba. Ni ɗan fari ne. Ana yaye ni aka kai ni wurin Iya, kakarmu, a Unguwar Sarki, can na yi wayo. Na san al'ada ce uwa ta ji kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Amma na ga gidajen da kunyar takan sassauta idan an girma. Tamu ba ta sassauta ba. Na haura arba'in ban taɓa jin "Shamsu" a bakinta ba, sai dai "yayanku". Idan na shiga gaishe ta tabarma take kallo, ta amsa, ta ce bari ta duba tukunya, ko da ba a ɗora komai ba. To ni ban san inda kunya ta tsaya ba, ban san inda rashin so ya fara ba. Wannan jimlar na rubuta na soke, na sake rubutawa. Allah ya yafe min idan zato ne.

Ba na so in kawo ta gidan da za ta wuni tana neman tukunyar da za ta duba. Ki tambaye ta a hankali inda take so. Ki rubuto min abin da ta ce yadda ta faɗa, kada ki ƙara gishiri don ki faranta min.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Shamsuddeen


Birnin Marke
Alhamis

Wa'alaikumus salam Yaya,

Takardarka ta iso da warin gam ɗin maɗaba'arku, tun kafin in buɗe na san ta mai ɗinkin littafi ce. Aikin farko nawa yau: raba faɗan Khadija da Mansura a kan cokali. Ba a yi ba, har yanzu ana kai. Muna gaida Anti Salamatu da yara.

Na tambayi Inna. Ga shi babu gishiri babu magi.

Na ce, "Inna, Fatakwal ko Kawo?"

Ta ce, "Duk inda kuka ce."

Na ce, "Mu ba mu ce ba, ke muke tambaya."

Ta ce, "Ke dai tun kina goye bakinki ba ya hutawa. Miƙo min mafici."

Na miƙa mata, na ce, "Yaya fa har ya kwashe ɗaki."

Ta yi fifita ta yi fifita, sannan ta ce, "Yayanku yana da iyali. Ɗawainiya ta yi masa yawa."

Shi ke nan abin da na samu. Da na ƙara matsawa sai ta tashi yin alwala, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Gaskiya Yaya, ni son raina ta bi ni. Garin da ban san kowa ba, ga cikin nan ya fara nauyi, wa zai kama min? Amma Baban Khadija ya je ya ga gidan, ya ce bene ne hawa na uku, ruwan sama ba dare ba rana, maƙwabta babu mai jin Hausa. Sai na hango Inna a can sama kamar tantabara a keji.

Bari in ba ka labarin da zai ba ka dariya. Ka tuna tsohuwar fadar garin nan? Tun da sarki ya koma sabuwa aka mayar da ita gidan zane-zane da kayan fasaha. Makarantar su Khadija ta ce kowace yarinya ta je ta gani ta rubuto, sai na kwashe su har da Inna don kada ta zauna ita kaɗai. Tana tafe tana mita, wai gidan da aka cika da hotunan mutane mala'iku ba sa shiga. Wuri ne babba, soro cikin soro, sai ka wuni ba ka gama ba. Muna cikin zagawa ta ce ƙafarta tana ciwo, ta sami benci a wani ɗaki can ciki ta zauna, tun daga bakin ƙofa ta ce mu je mu dawo.

To tun daga ranar, duk Asabar da hantsi sai ka ga ta yafa mayafi. Wai sanyin soron nan yana yi wa ƙafarta magani. Muna shiga take miƙewa ɗakin bencinta, ta kore mu daga bakin ƙofa. Yara sun haddace gidan, sun gaji. Baban Khadija ya ce saura kaɗan a ɗinka mata kayan ma'aikata.

Ka yanke abin da ka ga ya dace, kai ne babba. Amma ka daina soke jimla, kana ɓata takarda.

Ƙanwarka,
Nusaiba


Kawo, Kaduna
Lahadi

Aikin farko yau: kai Hassan aski. An yi.

Assalamu alaikum Nusaiba,

Na sami amsarki, na gode. Ina gaida kowa da kowa, ina yi wa Inna ya ƙafa.

Na karanta maganarta sau da yawa. "Yayanku yana da iyali." Ke ma kina da iyali, ga wani a hanya, amma ba ta ce ɗawainiya ta yi miki yawa ba. Mutum irin Inna ba ya cewa a'a. Idan ya kawo uzuri a madadinka, to a'ar ke nan. Salamatu ta ce na cika tona magana kamar kaza a juji. Wataƙila haka ne. Amma da a ce tana son zuwa, ko tambayar ɗakin ai ta yi.

Akwai abin da na tuna, ba don ƙorafi ba. Ina ɗan firamare na faɗo daga katangar gidan Iya, wani ƙarfe ya yanke ni a bayan kunne. Iya ta kai ni asibiti aka ɗinke, na yi kwanaki da zazzaɓi. Baba ya zo daga Rigasa a kan kekensa. Goggo ƙanwar Baba ta zo, maƙwabta suka zo. Inna fura ta aiko a kwano mai murfi. Na tuna ina kwance ina sauraron duk wanda ya yi sallama a zaure. Ban riƙe ta da komai ba, haka zamaninsu yake. Ina faɗa ne don ki gane ba yau na fara auna wannan abu ba.

Saboda haka na yanke: ku tafi da ita. Kina buƙatarta, ita kuma tana sakewa da ke, tana yi miki faɗa, tana dariya. Ni ban taɓa jin dariyarta ba sai daga bayan labule. Bene abin damuwa ne, amma ƙunci a ƙasa ya fi bene wahala. Zan gaya wa mai gyaran rufi ya dakata, takardun kuma in mayar da su ɗakin, don sun tare wa Salamatu hanyar madafa.

Maganar ƙafa kada a yi wasa da ita. Wacce ce, dama ko hagu? Tana kumbura? Da safe ta fi ciwo ko da yamma? Sanyin soro ba magani ba ne, a kai ta likita ya duba kafin tafiya.

Gidan zanen ban taɓa shiga ba, harkar kuma ban san kanta ba. Sau ɗaya shekarun baya wata mata ta kawo tarin zanenta maɗaba'armu a yi masa bango. Ta ƙi tafiya ta dawo, ta zauna a kan kwali tana jira, tana 'yan zane-zane, ta nemi izini ta ɗauki hotunan wurin. Aikinta ya ba ni wahala don takardun ba girmansu ɗaya ba. Iyakar sanina da masu zane ke nan.

Ki sanar da Baban Khadija shawarar da na yanke.

Yayanki,
Shamsuddeen


Birnin Marke
Laraba

Yaya, salamu alaikum,

Kada ka mayar da takardun nan. Ban gaya wa Baban Khadija komai ba.

Ka ce in tambayi wace ƙafa. Na tambaya. Ran Litinin ta ce dama. Jiya na sake tambaya kamar na manta, ta ce hagu. Inna da ba ta taɓa mance ko wane kwano ne na wa ba.

Dama ran Asabar ɗin da ta wuce Mansura ta ɓata rigarta da zoɓo, na komo da wuri in karɓi hankici a wurin Inna. Shi ne karo na farko da na wuce bakin ƙofar ɗakin nan. Ban karɓi hankicin ba, da baya na fito. Na yi ta juya abin a raina har takardarka ta zo.

Ba zan rubuta maka abin da na gani ba, don na san ka. Za ka karanta sau goma ka samo masa wata fassara. Ka zo da idonka. Asabar da hantsi. Ka wuce zauruka, ka shiga ɓangaren da matan sarki suka zauna a da, ɗaki na ƙarshe a hannun hagu. Akwai ginshiƙi mai kauri daga shiga. Kada ka bari ta gan ka.

Idan ka gani ka ce har yanzu Fatakwal, ba zan ƙara cewa uffan ba, ni ma dama haka na fi so.

Nusaiba


Kawo, Kaduna
Lahadi

Aikin farko yau: ban yi ba tukuna. Wannan takarda na fara.

Assalamu alaikum Nusaiba,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri, na zo garinku jiya na koma ban shiga gidanki ba. Ki gaya wa Baban Khadija ba raini ba ne. Zan yi bayani bi da bi.

Na bi motar Ila bayan asuba. Ya sauke ni a bakin kasuwa, na ƙarasa da ƙafa. A ƙofar fadar aka yanka min tikiti, aka karɓi jakata aka ajiye. Ina shiga zauren farko na cire takalmi na riƙe a hannu. Mai gadin ya ce, "Malam, sa abinka, sarki ya tashi tun tuni." Na ce to, amma hannuna ya ƙi. Iya ta hore mu ba a taka zauren manya da takalmi, ko da manyan ba sa ciki. Haka na zaga gidan nan duka ba takalmi.

Gidan ya fi yadda kika faɗa. Ƙofofin gajeru ne, dole ka sunkuya, sai ka ɗago ka ga rufi can sama, bakan gizon gini ya haɗu da ɗan'uwansa, azara a jere ba wadda ta kauce. Bango ya kai kamu uku a kauri. Akwai sanyi, wannan Inna ba ta yi ƙarya ba. Na ga tasoshin tagulla, na ga ƙoren da aka yi wa zane da wuta, na ga manyan riguna a cikin gilashi. Sannan ɗakunan zane. Akwai na wata kasuwa da ya cika bango guda, har ka ji kamar za a taka ka. Akwai na wata mata da aka yi wa fuska shuɗiya, ban gane dalili ba. Na tsaya ina karanta ɗan bayanin da ke ƙarƙashin kowane zane, ɗaya bayan ɗaya, har na lura ba karatu nake ba, jinkiri nake. Sai na nufi inda kika ce.

Ginshiƙin yana nan. Na tsaya a bayansa. Da yake ba takalmi, ba wanda ya ji shigata.

Inna tana kan benci, ta ba ni gefe. Carbi yana cinyarta amma ba ta ja. Ta ɗaga kai sama tana kallon bango, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba, ba ƙiftawa ba sunkuyarwa. Na bi inda take kallo.

Wani mutum ne a bakin teburi, ya naɗe hannun riga, basilla a hannu, zare a baki. Ya ɗago kai kamar an kira shi bai shirya ba. Tsayin zanen ya kai ƙofa. Hular na fara ganewa, mai ruwan ƙasar nan da Salamatu ta kyautar tun bara waccan. Sannan teburina, da ƙafar da na ɗaure da waya. Fuskar ce ƙarshe. A ƙasa an rubuta "Mai ɗinkin littafi, Kawo", babu suna. Matar nan mai takardun da ba girmansu ɗaya ba, ashe ni take zanawa tana kan kwalin nan.

Ina tsaye sai wata ma'aikaciya ta shigo ta ɗaya ƙofar da tsumman goge gilashi, 'yar gajeruwa mai fara'a. Na ji Inna ta kira ta Balaraba, ke nan sun saba. Zan rubuta abin da suka ce yadda na ji.

Balaraba ta ce, "Hajiya, yau ma an zo gaida mutumin?"

Inna ta ce, "Ƙafa ce ta kawo ni."

"Ƙafar nan taki ta san hanya. Ga benci can a ɗakin sarakuna, har da fanka."

"Sarakuna ba su rasa masu kallo ba."

Balaraba ta yi dariya, ta tsaya kusa da ita ta riƙe ƙugu tana kallon zanen. Ta ce, "Ni kullum na dube shi sai in ga kamar jira yake a yi masa faɗa. Bawan Allah, ko murmushi babu."

Inna ta ce, "Zare ne a bakinsa, da me zai yi murmushin?" Sannan ta ce, "Mai zanen ta yi ƙoƙari. Abu ɗaya ta bari."

"Me ta bari?"

"Yadda ya juya kan nan, ya kamata a ga tabo a bayan kunnen hagu. Ya lanƙwasa kamar ƙugiya. Katanga ce, yana yaro."

"Au, ashe kin san shi."

"Na taɓa ganinsa."

"A ina?"

Inna ta ɗauki carbi ta ja ɗaya, biyu, ta ajiye. Ta ce, "Uwarsa ce ta je duba shi, tun daga Rigasa da ƙafa. Ta tarar yana barci. Kakar ta ɗaga mata audugar ta gani. Da ya motsa sai ta fito."

Balaraba ta ce, "Ikon Allah. Ta sha wannan tafiya ba ta bari ya gan ta ba? Wannan uwa ta cika kunya."

"Haka muka taso muka tarar. Ku kun huta, kuna ƙwala wa naku kira da suna a tsakiyar kasuwa."

"Ni nawa har duka nake haɗa masa. To yanzu yana ina?"

"Yana inda yake. Yana da iyali. Mutum ne da ba ya iya cewa abu ya yi masa nauyi, sai dai ka ga yana ramewa. Irinsu ba a ɗora musu."

Balaraba ta koma goge gilashinta. Inna ta koma kallonta. Ni kuma na sami yatsana a bayan kunne ban san lokacin da na kai shi ba. Hagu ne. Na taɓa rubuta miki bayan kunne kawai, don ni kaina sai na taɓa nake tuna wanne.

Na fita da baya. A tsakar gida na hango ku ke da yara wajen tsohuwar rijiya, na bi ta bayan wani soro. Da na tsaya gaishe ki, da ban iya magana ba, kuma da dole in bi ku gida in durƙusa a gaban Inna tana kallon tabarma. Jiya ba zan iya ba. Sai da na kai bakin kasuwa wani mai lemo ya ce, "Malam, ko takalmin na sayarwa ne?" sannan na sa.

Kin ce zan samo wata fassara. Na gwada a mota. Na ce wa kaina zane ba ya tari, ba ya shigowa gaisuwa, kallonsa sauƙi gare shi, zama da mai shi wani abu ne dabam. Wannan gaskiya ne, kuma har yanzu ina jin tsoronsa. Amma na kasa samo fassarar da za ta kai mace daga Rigasa zuwa Unguwar Sarki da ƙafa.

Na ga kuskurenmu. Tambayarta muka yi ta yi. Inna ba za ta taɓa buɗe baki ta ce tana son gidan ɗan farinta ba, ko za a kai ta bayan teku. Kada ki sake tambayarta. Ki ce mata, "Yaya ya ce a kai ki Kawo." Idan umarni ne, ba ita ta zaɓa ba, babu abin kunya.

Na san abin da na ɗauke miki. Salamatu ta ce idan haihuwa ta matso ita za ta zo Fatakwal ta zauna da ke har a yi arba'in, Inna ta riƙe mana su Hassan. Ita ta faɗa da bakinta, ban roƙe ta ba.

Kada Inna ta san na je.

Yayanki,
Shamsuddeen


Birnin Marke
Lahadi

Wa'alaikumus salam Yaya,

Ban huce ba tukuna. Khadija ta ce min, "Umma, ga wani mai kama da Kawu can yana sauri da takalmi a hannu," na ce ta rufe min baki, Kawunta mutum ne mai hankali. Sai ka biya ni wannan.

Na faɗa wa Inna yadda ka ce, ina tsintar shinkafa, ban ko dube ta ba. Na ce, "Yaya ya aiko, ya ce a kai ki Kawo ran Alhamis."

Ta ce, "To."

Can an jima, har na zuba shinkafar a ruwa, ta ce, "Ɗakin yana da taga?"

Na ce, "Yana da ita, tsakar gida take kallo."

Ta ce, "To."

Da yamma na shiga na tarar ta ɗaure kayanta tsaf, har da kwanon nan mai murfi da ba ta bari a taɓa. Na shiga madafa na yi kukana na gama. Ka gode wa Anti Salamatu, Allah ya saka mata.

Jiya Asabar na ce, "Inna, ba za mu je ki yi sallama da bencinki ba?" Ta ce a bari, ƙafar ta yi sauƙi. Na ce wacce? Ta jefe ni da mafici.

Ila ya ce zai ajiye mata gidan gaba. Ba ta cin yaji da daddare, kuma ba ta son a tashe ta da fitila a ido.

Ƙanwarka,
Nusaiba


Kawo, Kaduna
Talata

Aikin farko yau: rufi. An yi, na watsa ruwa da bokiti na gwada, bai zubo ba.

Assalamu alaikum Nusaiba,

Na sami saƙonki. Na karɓi laifina, Khadija kuma tana da ido. A gaida Baban Khadija, a ce zan zo musamman kafin ku tashi, da takalmi a ƙafa.

Ran Alhamis Salamatu ce za ta taro ta a tasha. Ni zan dawo daga aiki bayan la'asar, in gaishe ta daga bakin ƙofa, in taƙaita. Ban sani ba ko haka ya yi daidai. Za mu gani.

Allah ya kawo ta lafiya, ku ma ya kai ku lafiya.

Yayanki,
Shamsuddeen

Abin da ya rage na gobe, na rubuta a nan don takarda ta ƙare min:

Shimfiɗa leda a ɗakin, a ɗora katifa.
Buta da sallaya.
A gaya wa Hassan ya daina buga ƙwallo a bangon nan.
Labulen tagar da Salamatu ta saya ya yi kauri. A canzo mai shara-shara, wanda na ciki yake ganin waje, na waje ba ya ganin ciki.
A fito da teburin aikina da na kwaso daga maɗaba'a, yana zaure, a kafa shi a tsakar gida, daidai tagar.
A ɗaure ƙafarsa da sabuwar waya.